Wasiƙa ga Edita: Rijiyar Wiskonsin da rijiyar kakana

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka fili a shafin wasiƙu, kuma tun daga nan ina ba da haƙuri, don na san abin da na rubuto ya yi tsawo. Ni tsohon malamin gona ne. Shekara talatin da biyar na yi a kan babur tsakanin Kware, Wurno, Gwadabawa da Goronyo ina yi wa manoma surutun iri da taki. Yanzu na ajiye aiki, ina zaune a nan Sakkwato, aikina jikoki da rediyo da 'yar gonar albasa.

Ɗana na uku yana karatun kimiyyar ƙasar noma a jami'ar Wiskonsin da ke Madison, can Amurka. Bara da damina ya kira ni ta WhatsApp, ya juya wayar ya nuna mini wani ɗan tafki da itatuwa kewaye da shi, bai fi wasu tafkunan fadamar Wurno girma ba. Ya ce, "Baba, ka ga nan? Gonar wani Bature ce mutumin Sikotilan, ya sare dajin a 1849. An san ranar da ya baro garinsu, an san kwana nawa ya yi a teku, har zurfin rijiyarsa an sani." Na ce masa to madalla, Allah ya jiƙan namu. Sai ya ce, "Baba, mu kakanmu wace shekara ya zo ƙauye?" Na yi shiru. Na ce masa layin ba kyau, za mu yi magana gobe.

Da ya zo hutu ya kawo mini littafin da ɗan manomin nan ya rubuta a kan ƙuruciyarsa, wanda aka buga a 1913. Sunan ɗan John Muir. Amurkawa sun san shi sosai, don shi ne ya tsaya tsayin daka a kan kare dazuzzuka, da ƙoƙarinsa aka mai da Yosemite gandun dajin ƙasa a 1890, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kwana da shi a daji a 1903. Amma ni uban ne ya ɗauki hankalina, Daniel Muir, don tun shafukan farko na ga kamar na san shi. Na sha zama da irinsa a gindin bedi.

Daniel ɗan kasuwar hatsi ne a Dunbar, wani gari a bakin teku gabas da Edinbura. Yana da shago, yana da gida mai bene, matarsa Ann 'yar masu hali ce, 'ya'yansu bakwai. Yunwa ba ta kore shi ba, mai gida bai tashe shi ba. Addini ne ya ɗaga shi. Ya ga cocin ƙasarsu bai yi masa tsanani yadda yake so ba, ya shiga wata ɗariƙa ta Kirista mai mabiya a Amurka, ya ƙudura cewa can ne zai bauta wa Ubangiji yadda ya fahimta, kuma ga ƙasar noma a banza. Mu mutanen Sakkwato ba sai an yi mana dogon bayani a kan mutumin da ya bar gari saboda addini ba. Tun daga Degel zuwa Gudu a 1804 muka san zancen. Ban ce abu ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye. Na dai ce mun san yadda zuciyar mai irin wannan niyya take, ba ta jin lallashi.

Wani dare a watan Fabrairu na 1849, John yana ɗan shekara goma sha ɗaya ba kaɗan, shi da ƙanensa David suna gidan kakansu na wajen uwa suna bitar karatun gobe a bakin murhu, sai uban ya shigo ya ce su rufe littafi, da safe za a tafi Amurka. Haka kawai. Yaran suka yi ta murna, suna zancen tsuntsaye da zuma da zinariya. Tsohon ya ba kowannensu tsabar zinariya ɗaya, ya gaya musu abin da za su tarar can shi ne aiki mai karya ƙashi. Bai sake ganin su ba har ya mutu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Daniel ya ɗauki uku daga cikin 'ya'yan, Sarah da John da David, ya bar matar da sauran sai ya gina gida. Suka shiga jirgin ruwa mai tafiya da iska daga Gilasgo, suka yi mako shida da kwana uku kafin su ga Niyok. Da niyyar Kanada ya fito, amma hirar cikin jirgi ta sauya masa ra'ayi: aka ce dajin Kanada ya yi duhu, mutum sai ya tsufa yana saran itace bai ga gona ba, Wiskonsin kuwa itatuwanta a warwatse suke. A Buffalo wani dillalin hatsi ya ƙara masa da cewa yawancin alkamar da yake saye daga Wiskonsin take zuwa. Ɗan kasuwar hatsi ya ji maganar ɗan'uwansa, shi ke nan. Suka bi manyan tafkunan nan har Milwaukee, a can ya yi ciniki da wani manomi mai keken dawaki a kan dala talatin ya kai su wani ƙauye, Kingston, tafiyar mil ɗari cikin taɓo.

Abin da ya ba ni dariya har matata ta leƙo, kayan da ya ɗauko. Cikin akwatunansa har da babban sikelin awon hatsi da duwatsunsa na ƙarfe, tun daga Dunbar. Mutum zai shiga dajin da ko zangarniya ɗaya bai shuka ba, amma ya riga ya tanadi abin awo. Keken ya yi ta kafewa a laka, mai keken yana ta rantsuwa ba zai ƙara ɗaukar irin wannan kaya ba. Na tuna wani Alhaji da na sani a kasuwar hatsi, wanda ko asibiti aka kwantar da shi sai da ya sa aka kawo masa tiyarsa.

Suka sami wuri kusa da wannan tafki, ba nisa da garin Portage. Maƙwabta suka yi musu gayya, cikin yini guda aka tayar da bukkar gungume. Kafin sanyi ya shigo an gina gidan katako, uwar da sauran yaran suka iso. A nan aka haifi autarsu, suka cika takwas.

Daga nan labarin ya daina daɗi. Daniel bai iya noma ba, abin da ya iya shi ne sa mutane aiki. John yana shekara goma sha biyu aka ba shi garmar shanu, kansa da ƙyar ya wuce mariƙinta. Tono kututture, faskaren itacen shinge, yankan alkama da zafin bazara tun asuba har duhu, ciwo ba ya hana fita gona. Ya ce aikin ne ya tsumburar da shi. Ga bulala, da laifi da ba laifi. Tun suna Dunbar uban ya sa shi haddar littafinsu da duka, har ya haddace Sabon Alkawari gaba ɗaya da kashi uku cikin huɗu na Tsohon Alkawari yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Duk wanda ya yi makarantar allo a zamaninmu ya san wannan hanyar koyarwa, har yau ina da shaidarta a cinyata ta hagu.

A matsayina na malamin gona kuma, na ga kuskuren da na yi shekaru ina faɗa da shi. Alkama bayan alkama, ba taki, ba hutu, ba sauyin shuka. Sabuwar ƙasa ta ba su amfani har suka ɗauka haka za ta dawwama, cikin 'yan shekaru ta gaji. Maimakon ya gyara ta, bayan kamar shekara takwas Daniel ya sayi wani sabon daji 'yan mil kaɗan daga nan, a kan tudu, aka koma saran itace daga farko. Tudun nan ba rafi, ba marmaro. Dole a gina rijiya.

A nan ne na ajiye littafin na fita tsakar gida na sha iska. Ƙafa goma na farko ƙasa ce. Daga nan sai dutse. Aka gwada fasa shi da albarushi, ba su iya ba, sai uban ya miƙa wa John guduma da ƙusar sassaƙa dutse. Kullum da safe a sa shi cikin babban guga na katako a zura shi, ya zauna a ƙudundune a ramin da faɗinsa bai fi ƙafa uku ba, yana ɓantarar dutse kaɗan-kaɗan. Da rana a jawo shi ya ci abinci, a mai da shi sai dare. Watanni yana haka. Da ramin ya kai wajen ƙafa tamanin, wata safiya yana sauka sai mugun iskan nan da ke kwanciya a gindin rijiya cikin dare ya buge shi. Jiri ya kwashe shi, ya zube. Uban ya ji shiru, ya leƙa yana ƙwala masa kira ya shiga gugan. Da sauran hankalin da ya rage ya rarrafa ya shiga, aka jawo shi ba ya ko numfashin kirki.

Wani maƙwabcinsu da ya taɓa aikin haƙar ma'adinai a Sikotilan ya koya musu dabara: a riƙa zuba ruwa a ramin, a ɗaure damin ciyawa da igiya a yi ta zura shi ana jawowa don iska ta motsa. Masu ginin rijiya a ƙasar Gwadabawa sun san wannan tun kaka da kakanni. Na ga suna zura fitilar aci-balbal, in ta mutu ba mai shiga, su yi ta kaɗa ganyen bedi a ramin. Wasu su ce mutanen ɓoye ne, ni in ce iska ce mai nauyi, mu yi ta gardama. Kwana ɗaya ko biyu Daniel ya ba yaron ya huta, ya sake zura shi. A ƙafa casa'in suka sami ruwa. Da lissafinmu gaba goma sha biyar ke nan, goma sha uku da ɗoriya a cikin dutse.

Ya Edita, ka lura ɗa ne ya rubuta wannan a kan ubansa, ya buga, duniya ta karanta. Bai zage shi ba. Ya faɗi gaskiyarsa da tsoron Allahnsa, kuma da tsohon ya zo mutuwa a birnin Kansas a 1885, John ya yi doguwar tafiya ya same shi da rai. Amma bai ɓoye bulalar ba, bai ɓoye rijiyar ba. Mu in an ce a ba da tarihin mahaifi, sai a ce mutum ne mai haƙuri, mai son zumunci, ba ya faɗa da kowa. Na halarci addu'ar uku ba iyaka, ban taɓa jin an binne mafaɗaci ba. Kunya da ladabi abin yabo ne, ban musa ba, amma su suka sa kakanninmu duka suka zama mutum ɗaya, ba mai kama, ba mai hali.

Akwai kuma wata gardama da yaron ya ji tsakanin ubansa da wani maƙwabci, shi ma mutumin Sikotilan, a kan masu ƙasar na asali. Yankin nan na ƙabilun Ho-Chunk da Menominee ne, gwamnatin Amurka ta karɓe shi ta hanyar yarjejeniyoyin dole, ta farkon a 1837, ta biyun a 1848, shekara guda kafin zuwan su Daniel. Daniel ya ce ai Ubangiji ba zai so ƙasa mai albarka haka ta zauna hannun waɗanda ba sa noma ta sosai ba. Maƙwabcin ya ce to in haka ne, su ma da suke noman jahilci suna kashe ƙasa, duk ranar da ƙwararren manomi ya zo sai ya kore su da wannan hujja. Na so a ce na san wannan amsa a shekarun da nake aiki, lokacin da ake zuwa da taswira da manyan motoci a ce wa mai fartanya ƙasarsa ta fi ƙarfinsa.

Za a ce ai wannan ɗansa ya yi suna, shi ya sa aka san shi. Haka na ce wa ɗana. Sai ya buɗe kwamfuta ya nuna mini cewa ko maƙwabtansu da ba wanda ya san su, ana iya bin sawunsu. Amurka tana ƙidayar jama'a duk shekara goma, kuma daga 1850 aka fara rubuta sunan kowane ɗa a gida, da shekarunsa da sana'arsa da ƙasar da aka haife shi (bayi kam ba a rubuta sunansu ba, sai adadi a ƙarƙashin sunan ubangijinsu, wannan ma abin lura ne). A wancan zamani filin gwamnati ana sayar da eka ɗaya dala ɗaya da kwata tun dokar 1820, daga baya a 1862 Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara biyar. Kowane fili da takardarsa, kuma takardun suna nan a intanet. A Sikotilan coci-coci ne ke rubuta haihuwa da aure, sai a 1855 hukuma ta karɓi aikin ta mai da shi dole.

Kuma ba duka suka tafi da sikeli da zinariya kamar Daniel ba. Mutanen tsaunukan arewacin ƙasar, masu yaren Gelik, korar su aka yi. Masu ƙasa suka ga tumaki sun fi talakawa riba, aka tashi ƙauyuka ɗungum. A kwarin Strathnaver na yankin Sutherland an ƙone gidaje a 1814 da 1819. Wakilin mai ƙasar, Patrick Sellar, an kai shi kotu a 1816 aka sallame shi. Daga 1846 kuma ciwon dankali ya kawo yunwa, jirage suka yi ta kwasar mutane zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a 1883 gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin wani Lord Napier, ya bi tsibiri-tsibiri da ƙauye-ƙauye yana sauraron ƙananan manoma da bakinsu, da tafinta, ana rubuta kalma da kalma, aka buga. A 1886 aka yi dokar da ta hana a tashe su daga gonakinsu haka kawai. Jikokinsu yau suna buɗe littafin su ga abin da kakansu ya faɗa. Ina makarantar koyon aikin gona aka yi rikicin madatsar ruwan Bakolori a 1980. Ina littafin da manoman da ruwa ya cinye gonakinsu suka yi magana da bakinsu, da sunan kowa da sunan gonarsa?

Abin haushin, mu ba baƙin alƙalami ba ne. Garin nan da rubutu aka kafa shi. Wani ɗan Sikotilan ɗin ma, Hugh Clapperton mutumin Annan, da ya iso nan a 1824 ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Kirista har ya rasa amsa, ya koma gida da wani yanki na littafin Bello, Infaƙul Maisuri, da taswira. Ya dawo, ya mutu a nan ranar 13 ga Afrilu 1827, shekara goma sha ɗaya kafin a haifi John Muir. Waziri Giɗaɗo ya rubuta, Nana Asma'u ta rubuta, Waziri Junaidu ya rubuta har ƙarshen ransa, ga gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa cike da takardu. Salsalar sarakuna da malamai kam, yaro ma zai jero maka. Amma wanda ya noma geron da malaman suka ci suka yi rubutun, shi ko sunansa babu.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba kafin in ɗora wa kaina. Kakana ya zo wani ƙauye a ƙasar Kware daga Adar, ya sari daji, ya gina rijiyar da har yau ake kira da sunansa. Yana da wa, wanda ya wuce gabas da niyyar aikin hajji a ƙasa, bai dawo ba. Mahaifina yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Ciki akwai rasit-rasit na harajin En'e a ɗaure da zare, da takardar sayen wata fadama mai hatimin alƙali, da wata wasiƙa ta ajami a naɗe cikin fata, wadda wani alhaji ya kawo daga Sudan tun mahaifina yana saurayi. Wan kakana ne ya aiko ta. Na riƙe wasiƙar nan da hannuna ya fi sau goma. Na iya ajami. Na yi shekara talatin da biyar ina cika fom ɗin gwamnati, buhu nawa aka raba, kadada nawa aka shuka, kwafi uku-uku. Ban taɓa zama na kwafe layi goma sha biyun nan ba. Kullum sai in ce in na yi ritaya.

A watan Satumba na 2010 ruwa ya zo, shekarar da ambaliya ta cinye hanyar jami'a ta raba ta da gari. Ɗakin mahaifina na ƙasa ne, ya zauna. Bayan kwana huɗu muka tono adakar daga cikin laka. Rasit ɗin sun manne sun zama curi guda kamar ƙullun fura. Na warware fatar a hankali a kan tabarma. Takardar tana nan, ba ta yage ba, amma tawadar gargajiya ce ta gawayi da ƙaro, irin wadda ake wankewa a sha. Ta wanke tas. Sai wani dishi-dishi launin toka, da alamar bisimilla a sama. Sunan garin da yake, da sunayen 'ya'yan da ya ce ya haifa, duk ruwan Rima ya sha. Na san akwai mutanenmu da yawa a Mai Wurno ta Sudan a bakin kogin Shuɗin Nilu, zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru suka wuce bayan yaƙin Burmi a 1903, da waɗanda suka tarar da su daga baya. Ko yana cikinsu, ko yana wani gari, yanzu wa zan tambaya? Ita kuwa fadamar, da aka zo gardamar iyaka bayan shekara biyu, aka ce mu kawo takarda. Rabinta ya tafi.

Mutum ɗaya ta rage da ta ga kakana da idonta, gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ta haura tamanin da biyar, idon ya tafi amma kan yana nan garau. Bayan tambayar da ɗana ya yi mini, na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin da goro na ɗari biyar, na tafi ƙauye ran Juma'a. Na same ta a bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye waya tana ɗaukar magana, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Kai Malam, mi za ka yi da zancen mutanen da sunka kwanta dama? Ko gado anka ce a raba?"

Na ce, "A'a Gwaggo, jikanki na Amurka ke tambaya."

Ta yi dariya ta ce, "Shi da yat tahi ƙasar Nasara shi ka tambaya, ku da ke nan ba ku tambaya ba."

Na haɗiye wannan, don gaskiya ce. Na ce wace shekara Baba tsoho ya zo. Ta ce, "Shekarar da anka yi yunwa, har anka tona gidan tururuwa. Shi da wa nai, da jaki guda, da inna tasu bisa jakin. Inna tasu ba ta iso ba, nan hanya anka rufe ta." Ban taɓa jin wannan ba. Shekarata sittin da bakwai ban san akwai kabarin kakar mahaifina a wani wuri tsakanin Adar da Illela ba. In na auna da shekarun mahaifina, yunwar nan ita ce babbar nan ta 1913 zuwa 1914, don haka na rubuta da fensir.

Ta ce mutum ne gajere, baƙi, mai faɗan tsiya, ba ya cin tuwon da ya kwana. Ta ce ya taɓa ɗaure mahaifina a turken jaki yini guda don ya bar awaki sun shiga gonar mutane. Mahaifina, wanda na sani da farin gemu da carbi! Na ce, "Gwaggo, in rubuta har wannan?" Ta ce, "Awo, rubuta. Ai ya yi." Da na matsa a kan dalilin da ya sa wan ya wuce gabas ya bar ƙanensa, sai ta ja bakinta ta ce, "Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta." Na kashe wayar. Sannan ta gaya mini. Wannan ba na jarida ba ne, amma yana cikin littafina.

Na san wannan tsoro shi ke hana gidaje da yawa. A ƙasar nan akwai wanda in ya bi salsala hawa uku zai tarar da rinji, wato ƙauyen bayi, akwai wanda zai tarar kakansa shi ne mai rinjin, akwai wanda gonar da yake taƙama da ita ta wani ce da aka kora. Ba na cewa a hau rediyo a faɗa. A rubuta a ajiye a gida, a yi kwafi biyu, a ɗauki hoto da waya a tura wa ɗa ko ƙane da ke wani gari, kada a yi irin tawa.

Roƙona gare ka, ya Edita, ka ware ko rabin shafi ne a wata, mutane su riƙa aiko da tarihin gidansu, na manoma da masunta da maƙera da masu ginin rijiya, yadda tsofaffi suka faɗa, da Sakkwatancinsu ko Gobirancinsu, kada a gyara musu baki. Ina kuma roƙon masu kula da gidan tarihi da malaman jami'armu su tura ɗalibai wurin mutanen da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa da Rabah. Suna nan a kangaye da gefen makarantu a cikin gari, wasu sun ƙetara Nijar. Na zauna da wani tsoho cikinsu a bakin masallacin unguwarmu, ya lissafa mini gonakin ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su, da kukar da ke iyaka, da wanda ya dasa ta. Ƙauyen yanzu ba kowa. Jikokinsa da ke bara a bakin titi ba su san ko ɗaya ba. Ɗalibi guda da waya da littafin naira ɗari biyar ya isa ya kwashe wannan cikin yini biyu.

Makon jiya na koma ƙauye da igiya. Na ɗaura dutse, na sa yara suka zura a rijiyar kakana har ya taɓa ƙasa, muka jawo na auna da hannuna: gaba goma sha ɗaya da kamu biyu. Na rubuta, na tura wa na Amurka. Da na gaya wa Gwaggo sai ta ce ai da ta fi haka, ƙasa ce ta cike ta, kuma ba shi kaɗai ya gina ba, akwai wani Buzu da ya taya shi wanda iskan rijiyar ya taɓa har aka fito da shi a sume. Sunan ya ɓace mata. Ta ce in dawo Juma'a mai zuwa, in zo da goro fari, wataƙila kafin nan ta tuna.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Unguwar Mabera, Sakkwato.